SHAN INNA: TSAKANIN ZATO DA HUJJA

(Matanin laccar da aka gabatar bayan sallar magariba a Unguwar Gano, Ƙaramar Hukumar Tarauni, Kano.)

  

Maudu'in da aka ɗora mana a wannan dare shi ne cutar shan inna. Za mu fara da sunan, domin a cikin sunan nan akwai aƙida, kodayake da yawa daga masu faɗarsa ba su lura ba. Wace ce Inna? A wurin 'yan bori, Inna wata aljana ce da suke ɗauka uwa a cikin iskoki, suna raya cewa idan an saɓa mata sai ta kama yaro ta shanye masa ƙafa ko hannu. Tunda kuwa an ce Inna ce ta sha, to ai magani sai a wurin masu hulɗa da ita: a tafi wurin boka, a yi yanka, a nemi yardarta. Mu mun yi imani da samuwar aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma jingina musu wannan cuta magana ce da ba ta da dalili daga Littafi ko Sunna, yanka don neman yardarsu kuwa shirka ce tsagwaronta. Sunan ya riga ya zauna a bakin Hausawa, mu ma da shi za mu yi amfani, amma a san cewa suna ne kawai.

Haƙiƙanin abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, daga jinsin da likitoci ke kira bairos. Iri uku ce, kuma ba ta da wurin zama sai jikin ɗan Adam. Ta baki take shiga, ta hayayyafa a maƙogwaro da hanji, sa'an nan ta fita tare da bayan gida har tsawon makonni. Daga nan hanyarta a buɗe take: hannun da bai sha sabulu ba, kwatar da yara ke wasa a bakinta, shaddar da aka haƙa kusa da rijiya, kwanon da yara biyar suka sa wa hannu. Duk wanda ya san lungunanmu da damina, daga nan Unguwar Gano zuwa Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku, ya san ba labarin wata ƙasa muke bayarwa ba. A nan ne mutum zai ƙara ganin hikimar hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda aka ambaci yin bayan gida a mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwa a cikin abubuwan da ke jawo wa mutum tsinuwa.

Abin da ya sa cutar take da wuyar kamawa shi ne ɓoyewarta. A cikin yara 10 da ta shiga jikinsu, kimanin 7 ba za su nuna alamar komai ba, suna wasansu suna baza ta. Wasu za su yi zazzaɓi da ciwon kai da amai na 'yan kwanaki, a ce ai shawara ce, su warke. Amma kimanin yaro 1 a cikin 200, ƙwayar takan kutsa ta kai ga lakar bayansa, ta kashe jijiyoyin da ke ba tsoka umarnin motsi. Sai yaron da ya kwanta da zazzaɓi ya wayi gari ƙafa ɗaya ta saki, tana lilo. Idan ka tsungule shi zai ji zafi, amma ba zai iya janye ta ba. A cikin waɗanda ta shanye, 5 zuwa 10 bisa ɗari sukan rasu, saboda ta taɓa tsokar numfashi. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa, ko a Asibitin Malam da ke nan kusa da mu, ko a Asibitin Ƙashi na Dala, ko a Misira. Abin da likita zai iya shi ne gashi, da takalmin ƙarfe, da tiyatar miƙar da gaɓar da ta ƙandare. Saboda haka duk gurgu ɗaya da aka samu a unguwa, a ƙaddara akwai yara kusan 200 da ke yawo da ƙwayar.

Sau da yawa mukan ji ana cewa, "Allura ce ta shanye masa ƙafa." Wannan magana ba a banza take ba. Likitoci sun tabbatar da cewa yi wa yaro allura a tsoka alhali ƙwayar tana jikinsa yana ƙara haɗarin ta sauka a wannan ƙafar, haka nan allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu tana iya lahanta jijiya. Don haka a bar kai yaro mai zazzaɓi wurin kowane mai kemis ana cewa sai an yi masa allura.

Cutar daɗaɗɗiya ce. A wani allon dutse na zamanin Fir'aunonin Misira, mai shekaru sama da 3,000, akwai surar wani mutum da ƙafa ɗaya a tsotse, yana dogara sanda. A 1908 ne wasu likitoci biyu a birnin Biyana, Landsteiner da Popper, suka nuna cewa bairos ne ke kawo ta. Wani abin lura kuma, ba a ƙasashen talakawa ta fara zama annoba ba. A 1916 ta kashe mutum sama da 2,000 a birnin Niyok kaɗai. A 1952 ta kama kusan mutum 58,000 a Amurka, fiye da 3,000 suka mutu, fiye da 21,000 suka shanye. Ƙasa ce mai famfo da masai na zamani, amma tsafta kaɗai ba ta kare ta ba. Abin da ya kare ta shi ne rigakafi: na allura da Jonas Salk ya haɗa, wanda aka amince da shi a 1955, da na ɗigon baki na Albert Sabin, wanda ya bazu daga farkon shekarun 1960. A lura da kyau: 'ya'yansu suka fara ɗiga wa, shekaru da dama kafin abin ya iso ƙofar gidajenmu.

A 1988 ƙasashen duniya suka ƙulla niyyar kawar da cutar baki ɗaya, kamar yadda aka kawar da agana, wadda dattawanmu ke ɗauke da tabon lambarta a damtse har yau. A wannan shekara ana ƙiyasta tana shanye yara 350,000 a ƙasashe 125.

To, mu zo gida. Ba za a fahimci abin da ya faru a Kano ba sai an koma 1996, shekarar annobar sanƙarau. A cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta da wasu naƙasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya ce tsoron Kanawa jahilci ne zalla bai yi musu adalci ba. Balle kuma a 2003 an mamaye Iraƙi a kan hujjar da daga baya ta bayyana ƙarya ce, zukatan Musulmi a ko'ina cike suke da tuhuma.

A cikin wannan yanayi ne Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ƙarƙashin Dokta Ibrahim Datti Ahmad, Allah ya jiƙansa, ta bayyana tuhumar cewa an gurɓata ɗigon da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafi a 2003. Sauran suka koma, Kano ta tsaya kusan shekara guda. Aka kafa kwamitoci, aka aika wakilai Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya. Daga ƙarshe gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta gamsu da maganin da kamfanin Bio Farma na Indunusiya ke haɗawa, aka koma aiki a ƙarshen watan Yuli 2004. Gwamnan da kansa ya ɗiga wa yara, daga baya kuma aka ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a.

Tambayar a bincika abin da za a sa a bakin yaro tambaya ce ta halal, bal ma wajibi ce a kan shugaba. Amma ƙwayar cuta ba ta jiran rahoton kwamiti. A 2002 yara 202 aka tabbatar ta shanye a Nijeriya. A 2004 sun doshi 800. A 2006 sun haura 1,100, mafi yawansu a nan Arewa. Sa'an nan ta tsallaka iyaka: tsakanin 2003 da 2006 ƙwayar da asalinta daga nan ne ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta bi ta Cadi da Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya. A 2005 ta shanye yara sama da 400 a Yaman, da kimanin 300 a Indunusiya, ƙasar da ta yi shekara 10 ba ta ga cutar ba, kuma ƙasar da muka amince da maganinta. 'Ya'yan wa ta shanye? 'Ya'yan Musulmi. Dalilin ke nan da ya sa Saudiyya ta shiga ɗiga wa alhazanmu rigakafin a filin jirgi, har dattijo mai furfura ya buɗe baki kamar jariri. Mu da muke yara a waɗancan shekaru muna da sa'o'in da suka taso suna jan gindi, kuma ba su ne suka yanke shawarar komai ba.

Tuhumar hana haihuwa kuwa, lokaci ya riga ya yi mata hukunci. Yaran da aka ɗiga wa sau goma, sau ashirin, daga 1996 zuwa sama, ga su nan a cikin wannan masallaci da 'ya'yansu a gefe, kuma ranar Asabar da Lahadi ba a rasa taron suna a Tarauni.

Akwai ranar da ba za mu tsallake ba, domin a ƙaramar hukumarmu abin ya faru. Ranar Juma'a, 8 ga Fabrairu 2013, da safe, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan ma'aikatan rigakafi a wani ƙaramin asibiti a Filin Kashu, Unguwa Uku, da wani a Hotoro. Aƙalla mutum 9 suka rasu, galibinsu mata. Matan unguwa ne, masu hijabi, sun fito neman ɗan abin da za su taimaki gida. Harsashi ne ya kashe su, amma kafin harsashi akwai shekaru goma na maganganu a majalisu da bakin shaguna, ana kiran irinsu 'yan koren Yahudawa. Allah (S.W.T.) ya umarce mu a Suratul Hujurati da mu tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama, kuma a surar dai ya gargaɗe mu cewa wani sashe na zato zunubi ne. Allah ya gafarta musu, ya karɓi shahadarsu.

Wani zai ce, to ina tawakkali? Ba Allah ne ke kare yaro ba? Lalle shi ne. Amma wannan shubuha sahabbai sun warware ta tun a zamanin annobar Amwas. Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham, da ya isa Sarg aka sanar da shi annoba ta ɓarke. Ya yi shawara, ya yanke a koma. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya yi bayani cewa neman magani ba ya kore tawakkali, kamar yadda cin abinci don kore yunwa ba ya kore shi. Da aka tambayi Shaihu Abdul'aziz bin Baz game da shan magani kafin cuta ta sauka, ya ce babu laifi, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon Madina guda bakwai da safe don kariya daga guba da sihiri. A 2014 malaman Azhar da na Majalisar Fiƙihu ta Duniya suka zauna a Jidda a kan wannan cuta takamaimai, suka ƙarfafa iyaye su yi wa 'ya'yansu rigakafi. Kuma a tuna, babba yana iya haƙura da cutarsa ya ƙi magani, jikinsa ne. Ƙafar yaro kuwa amana ce a hannun uba, za a tambaye shi.

Da sarakuna da malamai suka sa hannu, musamman daga 2009 da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa, sai al'amari ya juya. Yaro na ƙarshe da ƙwayar asali ta shanye a Jihar Kano an same shi a Sumaila a watan Yuli 2014. Na ƙarshe a Nijeriya a Borno ne, a 2016, a yankunan da rikici ya hana ma'aikata shiga. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar asali. Iri na 2 da na 3 sun ƙare a duniya. Iri na 1 ya rage a Afganistan da Fakistan, inda tuhuma ta ƙara tsananta bayan hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin bogi a 2011 wajen farautar Usama bin Ladan. Wannan cin amana ne da yara suka biya kuɗinsa.

Sai dai tambayoyi uku na nan a bakin jama'a, kuma sun cancanci amsa. Ana cewa, me ya sa wannan kaɗai ake bi gida-gida kyauta, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai mun saya? Ƙorafin gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu matsa wa hukuma a kan magani da ruwa da kwatoci. Dalilin fifikon shi ne wannan cuta ana iya ƙarar da ita dungurungum tunda ba ta da maɓoya sai jikin mutum, kuma ƙasashen da suka rabu da ita sun san muddin tana wani wuri za ta iya komo musu. Maslaharsu ce, amma ta dace da tamu. Wanda aka hana shi tuwo ba ya zubar da kunun da ke hannunsa don huce haushi. Ana kuma cewa, me ya sa ake ta maimaitawa? Saboda a inda gudawa ta yi yawa, hanjin yaro cike yake da wasu ƙwayoyi, ɗigo ɗaya ko biyu ba lalle su kama ba.

Ta ukun ita ce mai nauyi: in an ce cutar ta ƙare, me ake nema kuma? A nan dole a faɗi gaskiya yadda take. Ɗigon baki ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yakan fitar da ita a bayan gida. Idan yaran unguwa duk suna da kariya, nan take mutuwa. Idan kuwa ta tarar da yara da yawa marasa rigakafi, sai ta yi ta yawo daga hanji zuwa hanji wata da watanni, har ta rikiɗe ta dawo da ƙarfinta. Wannan rikiɗaɗɗiya ita ce ta shanye yara sama da 400 a Nijeriya a 2021, shekarar da aka fara amfani da sabon ɗigo wanda ya fi wuyar rikiɗa, kuma har a 2024 da 2025 an samu yaran da ta kama a Jihar Kano. Wani zai ji wannan ya ce, ka ga abin da muke faɗa! A'a, ɗan'uwa, duba waɗanda take kamawa: galibinsu yaran da ba a yi musu ba ne, ko aka fara aka bari. Gidan da ya rufe ƙofa shi ne ke ba ta wurin kiwo. Mafi muni shi ne abin da ake ji wasu na yi, a haɗa baki da ma'aikaciya ta shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da an ɗiga masa ba. Wannan ha'inci ne daga ɓangarorin biyu, kuma tawada ba ta tsare laka.

Magana ta koma kanmu, mu magidanta, domin a gidajenmu mace ba ta fita da jariri sai da izini da kuɗin mota. Ana ɗigon farko ne tun daga haihuwa, sa'an nan a sati 6, da sati 10, da sati 14, haɗe da na allura, a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. A adana katin kamar yadda ake adana takardar fili. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, aka ga ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, a kuma sanar da mai unguwa. Ana son a ɗauki bayan gidansa sau biyu a cikin kwana 14 a aika ɗakin bincike na Ibadan ko Maiduguri, kwanakin da ake ɓatawa wurin mai magani su ne ake buƙata.

Saura waɗanda ta riga ta shafa. Ata'u bin Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, masu tarihi sun siffanta shi da gurgunta da shanyewar hannu, amma a gabansa manya ke durƙusawa neman fatawa. Amru bin Jamuh (R.A.) da gurguwar ƙafarsa ya yi shahada a Uhudu. A nan Kano ƙungiyar masu shan inna da Aminu Ahmad Tudun Wada ya jagoranta ta daɗe tana ƙera kekunan guragu tana koyar da walda, kuma 'ya'yanta sun bi gida-gida suna nuna wa iyaye ƙafafunsu don su bari a ɗiga wa yara. A sani kuma, wasu daga cikinsu bayan shekara 15 zuwa 40 rauni da gajiya sukan sabunta musu, kada a ce lalaci ne. Muna roƙon kwamitin wannan masallaci da na Islamiyyarmu su duba matakalar bakin ƙofa da wurin alwala, domin mai keke ba ya iya hawa, mai rarrafe kuwa da tafin hannunsa yake taka jiƙaƙƙen siminti kafin ya kai sahu. Buhun siminti kaɗan da aikin yini guda za su wadatar.